Kifin Ƙafa Ɗari

Tun da likita ya hana Wendell Sawyer shiga ruwa, aikinsa a jirgi ya koma riƙon igiya da duban agogo. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana nutso a bayan tsibirin Marathon, yana kamo ƙananan kifayen murjani ga masu shagunan da ke sayar wa mutane su zuba a akwatin gilashi a falo. Bara zuciya ta yi masa gargaɗi, aka kwantar da shi kwana huɗu, aka ce shi da goya tukunyar iska har abada. Yanzu 'yarsa Delia ce ke sauka, ita da kawunta Yunior, ƙanin matarsa Odalys. Shi kuwa yana sama yana kallon kumfar numfashinsu.

Wanda bai haifa ba bai san wahalar kallon kumfa ba. In ta yi yawa sai Wendell ya ce yarinyar na haki. In ta yi kaɗan sai gabansa ya faɗi. Shekarun Delia ashirin da uku, ta fi shi iya tarko a lokacin da yake shekarunta, ya sani, amma sanin bai taɓa hana tafin hannunsa gumi ba. Ranar da ya yarda ta gaje shi sharaɗi ɗaya ya kafa mata a gaban uwarta: kada ta wuce zurfin ƙafa sittin. Ranar da ta wuce wannan zurfin, ranar zai ja jirgin tudu ya rataya masa takardar sayarwa. Ta san ba wasa yake ba.

A wannan Talatar ta watan Oktoba 'yan shuɗi suka fita nema, guda sittin wani mai shago ya ce a kawo masa. Kifi ne da bai fi tsawon yatsa ba, shuɗi shar, da baƙin layi a gadon baya da wutsiya mai baki biyu kamar almakashi. Ba ya zama shi kaɗai. Garke suke yi a saman murjani, dutsen nan mai rassa da ke tsiro a ƙasan teku, ɗari biyu, ɗari uku, duk sun fuskanci inda ruwa ke tahowa, suna tsintar 'yan ƙwayoyin abincin da igiyar ruwa ke kawowa. Da inuwa ta gifta sai su zube cikin rassan murjani gaba ɗaya kamar an ja su da zare. Da can Wendell kan ce ko makaho zai cika bokiti da su a ƙafa arba'in. Amma zafin da aka yi a bazarar da ta wuce ya dafa ruwan, murjanin ya yi fari fat, daga baya ya mutu, gansakuka ta rufe shi. Kifin da ba shi da wurin ɓuya ba ya zama. Sauka biyu Delia da Yunior suka yi da safe, suka fito da goma sha ɗaya.

A sauka ta uku kunnen Yunior ya ƙi. Mura yake fama da ita tun Lahadi, ya nutsa ƙafa goma ya dawo yana riƙe da gefen kai yana zagin mura da wanda ya shafa masa ita. Wendell ya ce to a tattara, gobe ma rana ce. Delia ta ce minti ashirin kawai take roƙo, nan gindin anka, ƙarfen da ke riƙe jirgi a wuri ɗaya, ba inda za ta. Ya ce ba a nutso mutum ɗaya. Ta tuna masa cewa shi shekara nawa ya yi yana sauka shi kaɗai, ba kowa a jirgi sai kare.

"Bar ta mana, Tsoho," in ji Yunior yana fyace hanci. "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kai fa da za ka samu, da ka ɗaura mata igiya a ƙugu kamar akuya."

"Da na samu da kai zan fara ɗaurewa, a baki."

Ya bar ta ta sauka.

Minti goma na farko kumfar tana nan kusa da igiyar anka. Daga nan ta fara jan jiki kudu, wajen da ruwan ke sauya launi daga kore zuwa shuɗi mai duhu, inda tudun murjanin ke ƙarewa ƙasa ta gangara. Wendell ya gani. Ya ce wa kansa igiyar ruwa ce ke kwasar kumfar, ai ta yi ƙarfi yau. Minti ashirin suka cika. Ashirin da biyar. Yunior yana ba shi labarin wata mota da yake son saye, shi ko kalma ɗaya bai ji ba. A minti na talatin da huɗu ya ji igiyar da suke rataya bokiti ta motsa a hannunsa, kafin ya gama sauke ajiyar zuciya sai ga kan Delia a gefen tsani.

Ya tambaye ta ina tsayawar da ake yi a ƙafa goma sha biyar kafin a fito. Ta ce ta yi ta a can baya, bai gani ba ne. Ta hau tana dariya, ta ce ya shirya bakinsa na yabo, arba'in da wani abu ta zuba a bokitin. Ta kwance agogon nutsonta, mai ajiye lissafin zurfin da aka kai, ta jefa a jaka, ta ja zif.

Kifin murjani ba a fito da shi kai tsaye. Akwai wata 'yar jakar iska a cikinsa wadda yake daidaita tsayuwarsa da ita a ruwa. A ƙasa nauyin ruwa ya matse ta, in aka taso da shi da sauri sai ta kumbura ta danne masa hanji. Wasu masu sana'ar, allura suke soka wa kifin don iskar ta fita, Wendell kuwa bai taɓa yarda da wannan ba. Shi a bokiti mai huji-huji da murfi yake rataya su a igiya, ya riƙa jawowa kaɗan-kaɗan. Kifin ƙafa sittin rabin sa'a yake yi a ƙafa talatin, rabin sa'a a goma sha biyar, sannan ya sha iskar duniya lafiya lau. Haka ya yi shekara talatin, bai taɓa asarar garke ba.

Suka zauna cin abinci suna jira. Odalys ta naɗo musu burodin Kuba da naman alade da kokwamba mai tsami, da kofi mai madara a fulas. Yunior ya ci nasa ya kai hannu kan na Delia, ta buge hannun, amma rabi kawai ta ci ta miƙa masa sauran. Wendell ya lura. Ya kuma lura tana murza kafaɗarta ta hagu. Ta ce maɗaurin tukunya ne ya goge ta. Ta jingina da gefen jirgi ta lumshe ido, ta ce rana ce ta yi yawa.

Da sa'a ta cika ya jawo bokitin ya ɗora a kan benci, ya buɗe murfin.

Fiye da rabin kifin suna saman ruwa, ciki sama, tumbi ya kumbura kamar an hura, suna kaɗa fiffike suna neman juyawa sun kasa. Wasu idanunsu sun firfito. A tsakiyarsu kuma ga wasu guda uku da ba 'yan shuɗi ba: bayansu rawaya kamar ƙwaiduwa, cikinsu shuɗi mai ja-ja. Wendell ya san su. A wannan gefen bai taɓa kama irinsu a tudu ba, sai can gindin gangara, inda haske ke fara mutuwa.

"Delia. Ƙafa nawa kika sauka?"

"Sittin, Baba. Ko sittin da biyar, ban ƙi ba."

"Zo ki duba."

Ba ta taso ba. Daga inda take ta ce wataƙila shi ya yi saurin jawowa, ko agogonsa ne ke gudu. Ya ce ta ba shi nata agogon ya gani. Ta ce batirinsa ya mutu tun a ruwa. Yunior ya leƙa bokitin, ya buɗe baki zai yi ba'a, ya ga masu rawayan bayan, ya rufe bakin.

Abin da ke kumbura kifi shi ke kama mutum, wannan ko yaron da ya yi kwana uku a sana'ar ya sani. Iskar da mutum ya shaƙa a zurfi tana narkewa a jininsa. In ya taso a hankali ta fita ta numfashi. In ya yi gaggawa ta zama kumfa, ta tsaya a gaɓa, ko a laka. Wendell ya yi lissafin a kansa ba tare da ya so ba: sauka ta uku a yini ɗaya, rabin sa'a a ƙafa ɗari ko fiye, ba tsayawa.

Ya ce a ɗaga anka, gida za su, kuma ta sa abin oksijin a hanci tun yanzu. Nan ta miƙe zaune. Ta ce lafiyarta ƙalau, ba za ta shaƙi komai ba, ita ba majinyaciya ba ce. Ta ce kifin nan ba su mutu ba, in aka mayar da su ƙafa arba'in cikin zai sace, a sake tasowa da su a hankali, sa'a biyu ta isa. In kuwa aka tafi da su haka, kafin a kai gaɓa rabi sun tafi, an kashe su a banza ke nan. Ta san inda za ta taɓa shi. Shi ya koya mata tun tana 'yar shekara tara cewa wanda ya raba kifi da gidansa ya ɗauki alhakin ransa.

Yunior ya goyi bayanta. Ya ce dubi fuskarta, jini a jika, wanda ciwon nutso ya kama ai ba ya musu da wannan ƙarfin. Ya ce in ma wani abu ne, ga tukunya cike, a mayar da ita ƙafa talatin ta zauna a igiya tare da kifinta, yadda ake yi a zamanin da.

"Kai ba haka aka yi maka ba, Tsoho? Ga ka nan garau, sai baƙin hali."

"Garau? Shekara ashirin da shida ban ɗaga hannun nan sama da kunnena ba. Wanda aka mayar tare da ni kuma a ruwan ya suma. Ba mai mayar mini da 'ya ƙasa."

Wannan ya tsaya a kai. Amma ɗayar maganar ta shige shi. Ya dubi Delia, ta dube shi ido cikin ido, ta ce, "Baba, da ina jin wani abu ai da na faɗa maka." Yana so ya yarda. Bai taɓa son wani abu a duniya kamar yadda ya so maganar nan ta zama gaskiya ba. In gaskiya ce, to ba abin da ya faru, ba asibiti, ba kiran Odalys, ba maganar sayar da jirgi. Ya mayar da murfin, ya zura bokitin cikin ruwa, ya saki igiya har ƙafa arba'in. Ya ce rabin sa'a zai ba su, ba sa'a biyu ba.

Suka zauna. Jirgi yana ta lilo a hankali. Yunior ya kunna rediyo ya kashe. Wendell ya yi kamar yana gyaran tarko, irin mai laushin nan da ba ya ganuwa a ruwa, amma ta gefen ido yake kallonta. Ya ga ta miƙe ƙafafu ta naɗe, ta sake miƙewa. Ya ga ta tsunkuli cinyarta a ɓoye, ta sake tsunkula da ƙarfi, tana kallon wurin kamar cinyar wani ce.

Ya ce ta taso ta zuba masa kofi.

Fulas ɗin yana can gaban jirgi, taku huɗu. Ta dube shi, ta gane abin da yake nufi. Ta dafa benci ta miƙe. Taku na farko lafiya. A na biyu ƙafar hagu ta lanƙwashe a ƙarƙashinta kamar ba ƙashi, ta tafi gaba ɗaya, Yunior ya tare ta kafin kanta ya bugi injin.

A hannun kawunta ta faɗi gaskiya, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce a tudu ba komai sai gansakuka. Ta leƙa gangaren sai ta hango su can ƙasa, garke guda kamar hayaƙi, irin wanda ba ta gani ba tun kafin zafin nan. Ta ce minti biyar za ta yi. Ta kafa tarko, suka zube cikin dutse, ta jira suka fito, ta sake kora su. Ƙafa ɗari da goma. Da ta duba ma'aunin iska allura ta shiga ja. Ta taso da gudu, ta maƙala bokitin, numfashi biyu ya rage mata a tukunya. Kafaɗar tun suna cin abinci ta fara. Ƙafar kuwa tun lokacin da yake buɗe murfi take jin kamar tururuwa na bi.

"Na ce zai wuce ne, Baba. Na san in ka ji za ka..."

"Kwanta. Yunior, oksijin."

Bai tsaya ɗaga anka ba. Ya ɗaura igiyar anka da ta bokitin a jikin balan-balan ɗin alama ya jefa a ruwa, ya tada inji. Yunior ya shimfiɗa ta a ƙasan jirgi, ya ɗora mata abin shaƙar a fuska, ya tokare ta da rigunan ruwa don kada ta gangara. Wendell ya kama oba-oba da hannu ɗaya, sitiyari da ɗaya, ya kira masu gadin gaɓa. Ya faɗi sunan jirgi, da inda suke, da zurfin, da shekarunta. Muryarsa ba ta yi rawa ba sai da ya zo kan shekarun.

Tafiyar minti arba'in ce zuwa gaɓa in ruwa ya kwanta, ranar kuwa bai kwanta ba. In ya ƙara wuta jirgin ya riƙa dukan igiyar ruwa, ya ga kanta yana buguwa. In ya rage ya ji kamar shi ke riƙe da ita a wurin. Yunior ya durƙusa kusa da ita yana ta surutu, yana ce mata ai ya gode, yanzu dai an samu wanda Odalys za ta kashe kafin shi. Yana faɗa yana matsa mata yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya ko ta ji. Na dama tana gyaɗa kai. Na hagu ba ta cewa komai.

Can ta janye abin shaƙar ta ɗaga murya don ta fi injin. "Za ka sayar da jirgin?"

"Mayar da abin nan ki ja numfashi."

Motar asibiti tana jiransu a bakin gaɓa. Asibitin da ke da ɗakin matsi, inda ake matse mai ciwon nutso da iska har kumfar jininsa ta narke, yana can gaba da su, tafiyar kusan sa'a guda a kan titin nan ɗaya tilo mai bin gadoji, ga motocin masu yawon buɗe ido kowa na tafiya kamar an aike shi kallon ruwa. Wendell ya zauna a gaba kusa da direba da rigarsa mai ƙarnin kifi, ya kira Odalys a makarantar da take dafa abinci. Ya ce Delia ce, tana magana, tana numfashi, ta taho.

Likitar wata doguwar mace ce mai furfura, ba ta da yawan magana. Ta karɓi agogon nutson daga jakar Delia, ta danna, ya kawo haske nan take. Ta kwafi abin da ke ciki. Sannan ta juyo ga Wendell ta tambaye shi ƙarfe nawa yarinyar ta fito daga ruwa. Ya ce sha biyu da minti goma. Ta tambayi ƙarfe nawa aka sa mata oksijin. Ya ce biyu saura kwata. Ta ɗaga kai ta dube shi, ta mayar kan takarda ta rubuta. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ɗakin matsin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe ce kwance, da gado a ciki da 'yar taga mai faɗin faranti. Aka tura Delia ciki tare da wani ma'aikaci, aka rufe ƙofa, iska ta fara shiga da ƙara. Likitar ta ce sa'a biyar za ta yi, wataƙila gobe a sake, wataƙila jibi ma. Ta ce da yawa masu zuwa a haka suna tafiya gida da ƙafafunsu. Wendell ya tambaya ko 'yarsa na cikinsu. Ta ce ba za ta yi masa alkawarin abin da ba ta gani ba tukuna.

La'asar ta yi sanyi lokacin da Odalys ta iso, da hular kicin ɗinta har yanzu a ka. Yunior ya tare ta a baranda, Wendell yana jiyo su suna magana da Sifaniyanci da sauri-sauri, muryar Yunior tana ƙara ƙanƙancewa. Sannan ta shigo. Ba ta je tagar ba tukuna, gabansa ta tsaya.

"Yunior ya ce ɓoye muku ta yi. Ya ce ba yadda za a yi ku sani."

Ga hanya an buɗe masa, ƙanin matarsa ya share ta da kyau. Wendell ya dubi hannayensa.

"Na sani. Tun da na buɗe bokitin na ga kifin na sani."

"Sai ka yi me?"

"Sai na mayar da bokitin ruwa, na zauna."

Ta daɗe tana kallonsa. Shekara ashirin da bakwai suna tare, bai taɓa ganin wannan kallon ba, kuma bai iya karanta shi ba. Ta cire hular ta cusa a aljihu, ta wuce shi ta je ta kafa goshi a gilashin tagar. Bayan ɗan lokaci, ba tare da ta juyo ba, ta matsa gefe kaɗan, daidai yadda mutum ɗaya zai samu wurin ido. Ya je ya tsaya.

A ciki Delia na kwance da abin shaƙa a fuska, ta yi ƙanƙanta a gadon. Ma'aikacin ya yaye bargo daga ƙafafunta, ya ɗauki wani ɗan tsinke ya ja a tafin ƙafar dama. Yatsun suka naɗe, ta gyaɗa kai. Ya koma ta hagu ya ja. Yatsun ba su motsa ba. Mutumin ya sake ja, a hankali, tun daga dunduniya har sama, yana kallon fuskarta. Delia ta rufe ido kamar mai sauraron magana daga nesa. Can ta ɗaga hannu, ta haɗa babban yatsa da manuni, ta bar ɗan siririn fili a tsakaninsu, alamar ta ji ɗan kaɗan.

Ma'aikacin ya duba agogon bango ya rubuta. Saura sa'a uku da rabi.